Motar da Ta Sha Sitaci

Ƙanin mijina ya shigo tsakar gida da baho a ka da dutsen guga a hannu, ya ce shi zai yi wa motar ɗana sabis.

Ina zaune a kan kujerata a bakin ƙofar ɗaki. Ban gan shi sosai ba, domin a lokacin yanar ido ta rufe mini idon dama gaba ɗaya, na hagun kuma ba ya ganin komai sai haske da inuwa. Amma na ji ƙamshin sabulu, na ji rigarsa tana ƙaras-ƙaras kamar takarda, na san shi ne. Tun yana saurayi sana'arsa wanki da guga, har tsufa ya zo 'ya'yansa suka rufe masa shago. Shagon suka iya rufewa, bakinsa ya fi ƙarfinsu. Duk layinmu Karin-Guga ake ce masa, don ko tsumman goge ƙafa sai ya fitar masa da kari.

Na ce, "Wa ya aiko ka?"

Ya ce, "Matar yaya, irinmu ba a aikenmu. Gani muke yi mu zo."

Motar 'yar ƙarama ce, ba ƙofa, ba gilashi, kujera biyu a gaba, wurin zuba kaya a baya, tayoyinta masu kauri da manyan haƙora. Ɗana ya saye ta don aikin gona. Layinmu ya gangara zuwa wani kwari da ke tsakaninmu da titin kwalta, kuma da zarar ruwan sama ya zauna sai kwarin ya zama taɓo har gwiwa. Babu abin hawan da ke ƙetare shi sai ita. Ni kuwa washegari da safe za a cire mini yanar a asibiti. Likitan idon baƙo ne, zuwa yake yi ya yi aiki ya tafi, kuma ranar ce ta ƙarshe a gare shi. In ya wuce ni, sai baɗi, in na kai baɗin da sauran gani.

Ɗana ya yi tafiyar aiki. Kafin ya tafi ya ce wa matarsa ta kai motar gareji a yi juyen baƙin mai, a duba matatar iska, a sa giris, a gwada iskar taya. Surukata ce ke tuƙa ta, kuma ta iya, wannan ba zan rage mata ba. Aibunta ɗaya, ba ta iya ce wa babba a'a.

Ta ce, "Baba, ai cewa ya yi gareji za a kai ta."

"Gareji," in ji shi. "'Yata, kin taɓa kallon rigar bakanike? Mutumin da ya kasa kula da rigar jikinsa, shi zai kula da mota?"

Wannan maganar ta kama ni, domin gaskiya ce. Ban taɓa ganin bakanike mai tsabta ba, kuma ni ƙazami ba na yarda da shi ko a kan allura.

Ya ci gaba. "Sabis ɗin da suke ta kambamawa wanki ne. Suna kawai suka sauya masa don su razana mutane."

Na ce, "Ka taɓa gyara mota?"

"Na taɓa fitar da tabon baƙin mai daga farar rigar alƙali. Wanda ya fitar da baƙin mai daga riga, a mota ne zai gagare shi?"

"Gobe da safe nake son hawanta."

"Za ki hau, za ki sauka, ko ɗigo ba zai taɓa zanenki ba."

Ya tura motar waje kusa da famfo. Ya ɗaura igiyar shanya daga ƙofar gidanmu zuwa ginshiƙin rumfar mahauci da ke tsallaken layi. Na sa aka fito mini da kujera, na sa surukata ta tsaya a gefena ta riƙa gaya mini abin da ake yi. Kafin ya gama naɗe hannun riga, mahauci ya bar nama ya zo, matar mai shagon layinmu ta fito da nata benci.

Karin-Guga ya ce, "Doka ta farko, ba a haɗa fari da mai launi."

Na ji ƙarfe yana faɗawa cikin baho. Na ce, "Me yake yi?"

Surukata ta ce, "Mama, kwancewa yake yi. Farin ƙarfe a baho ɗaya, baƙi a ɗaya. Wayoyin ma ya raba su, ja daban, shuɗi daban."

Mahauci ya ce, "Malam, za ka tuna inda kowanne yake kuwa?"

"Na yi wa gidaje da yawa wanki a rana ɗaya, ban taɓa kai wandon wani gidan wani ba."

Matar mai shago ta ce, "Ka taɓa kawo wa maigidana ɗankwali."

"Launinsa ya dace da shi ne."

Daga nan ya shiga ƙarƙashin motar, bayan ya shimfiɗa farin zanen gado. Ya kwance wani abu, baƙin mai ya zubo cikin bokiti. Ya fito yana salati.

"Wannan ƙazantar tun yaushe take cikin nan? Kuma a haka kuke hawa kuna gaisa da mutane?"

Ya tace man da hankici, ya fito baƙi. Ya sake tacewa da ɗankwalin da bai gaya wa kowa na wace ce ba, ya sake fitowa baƙi. Sai ya zuba masa garin sabulu da ruwan bilic, ya sa sanda yana kaɗawa. Surukata ta ce ya koma kamar madarar da aka zuba wa toka.

Ta ce, "Baba, akwai sabon galan na mai a ɗakin ajiya. Shi aka ce a zuba."

Ya ce ta kawo. Ya ɗaga shi a rana, ya girgiza kai.

"Wannan ya daɗe a ajiye, ga shi har ya yi ja. Haka farar riga take yi in an bar ta a akwati."

Ya sa masa bula. Sa'an nan ya haɗa sabon da tsohon wuri ɗaya, ya ce ba a yin almubazzaranci.

Mahauci ya ce, "Ni dai ban taɓa ganin baƙin mai shuɗi ba."

"Don ba ka taɓa ganin mai tsabta ba ne. Koma wurin ƙudajenka."

Bai koma ba. Mutane ma ƙaruwa suka yi.

Sai ya ciro matatar iska. Abin kamar takarda ne mai kauri da aka ninka tsaye-tsaye. Ya ce, "Wane marar tarbiyya ne ya ninke wannan haka?" Ya jiƙa ta, ya cuɗa, ya dauraye, ya tsoma ta a sitaci mai kauri, ya shanya. Da ta sha iska ya hura gawayi, ya goge ta har ta miƙe sambal kamar allon katako. Ya ƙwanƙwasa ta da yatsa, duk muka ji ƙara.

Surukata ta ce a hankali, "Baba, ta nan fa motar take numfashi."

"To yanzu za ta yi numfashi cikin mutunci."

Sai ya koma kan giris. Duk inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe ya bi shi da buroshi da ruwan zafi, har da tsohon buroshin haƙori don lungu. A nan na goyi bayansa. Wannan maiƙon ya sha ɓata mini gefen zane, kuma har yau ban ga dalilin da zai sa a shafa wa abu datti da gangan a kira shi gyara ba.

Kusa da tayoyin akwai wasu baƙaƙen robobi masu tattara kamar wuyan tsoho. Karin-Guga ba ya iya ganin tattara ya wuce. Ya ɗora musu dutsen guga. Wannan ba sai an gaya mini ba, hancina lafiyarsa ƙalau.

Mahauci ya ce, "Warin nan zai shiga mini nama."

"Zai inganta shi."

Matar mai shago ta ce, "Ka huda shi fa. Ga rami nan."

"Ba rami ba ne, ƙuna ce. Kowane mai guga ya san yadda ake juya ƙuna ta koma ciki." Ya murɗa robar, ramin ya koma ƙasa inda ba a gani. "Ina ramin yake?"

Ta ce, "Yana ƙasa."

"Kin gan shi?"

"A'a."

"To."

Tayoyin ma ba su tsira ba. Ya ce sun yamutse ta ƙasa, inda suke taɓa ƙasa. Surukata ta ce da gangan ake rage musu iska don su riƙe taɓo. Ya ce shi bai taɓa jin an yamutsa abu da gangan ba sai a gidan nan. Ya ari famfon keke ya yi ta bugawa har suka yi tauri kamar dutse. Sa'an nan ya narka kyandir, irin wanda yake shafa wa dutsen guga don ya yi santsi, ya cike tsakanin haƙoran tayoyin, ya shafe su tas.

"Yanzu taɓo ba zai kama ta ba."

Mahauci ya ce, "Ita kuma za ta kama ƙasa?"

"Me za ta yi da ƙasa? Wucewa za ta yi."

La'asar ta yi, igiyar shanya ta cika da kayan cikin mota, kowanne da abin maƙale shanya a kunnensa, suna ɗiga. Masu wucewa sai sun sunkuya. Sai hadari ya taso. Karin-Guga ya manta da shekarunsa, ya hau kwashe shanya da gudu yana cewa a taimaka kada kayan mutane su jiƙe. Ya shiga mayarwa cikin sauri. Matatar iskar ta ƙi shiga gidanta, ya ninke ta kamar hankici ya danna da gwiwa. Wayoyin kuma ya ce yadda suke da can babu tsari, ja kusa da kore, abin kunya. Ya haɗa su yadda launi zai shiga da launi.

Da ya gama, surukata ta ce, "Baba, ga notuna nan sun rage a baho."

Ya kwashe su ya zuba a gwangwani. "Kowace riga mai kyau tana zuwa da maɓallin ajiya."

"Suna da yawa fa."

"Motar mai kyau ce."

Ya lulluɓe ta da zanen gado, ya ce kada kowa ya taɓa sai ta huce.

Da safe na yi wanka, na shirya, na ɗauki lemata. Da na fito na ji layin cike da mutane. Babu wanda ya gayyace su. Karin-Guga ya zo cikin farar riga da ta sha sitaci har ba ya iya lanƙwasa hannu. Ya yaye zanen. Ni da ba na gani sai da hasken motar ya soke mini ido. Mutane suka yi ta sha'awa, shi kuma yana cewa wannan kaɗan ne, don lokaci ya ƙure masa.

Aka zaunar da ni. Surukata ta zauna a gaban sitiyari tana addu'a ƙasa-ƙasa. Shi ya hau baya ya tsaya, ya riƙe ƙarfe. Ta murɗa makulli, sai ham ya ɗauka.

Ya ce, "Gaisuwa take yi."

Ta taka birki, ham ɗin ya tsaya, fitilu suka kama. Ta kashe fitilun, sai injin ya yi tari. Ya sake tari kamar mai mura, ya shaƙe, ya yi atishawa, ya tashi. Na ji mutane sun ja da baya.

Na ce, "Mene ne?"

Surukata ta ce, "Kumfa ce, Mama. Ta salansa take fitowa."

Matar mai shago ta ce, "Gwaggo, shuɗiya ce. Har ta kai rufin shagonmu."

Karin-Guga ya ce, "Da hayaƙi take ba ku, kuna shaƙa kuna shiru. Yau ta ba ku tsabta kuna surutu. 'Yata, mu je."

Muka tafi. Kowane ƙarfe a jikin motar nan kuka yake yi, kowanne da muryarsa, kamar an taka jelar kyanwoyi. Gudu kuwa babu. Mahauci yana tafe a gefena da ƙafa, hannu a baya.

Ya ce, "Gwaggo, in yi gaba in ce musu kina tafe?"

Na ce, "In ba ka da aikin yi, ka tura."

Karin-Guga ya ce, "Kada wanda ya taɓa ta da hannun nama."

Da muka kai gangara sai gudun ya zo gaba ɗaya. Surukata ta juya sitiyari hagu, motar ta yi dama. Ta taka birki, fitilu suka kama. Tayoyin suna sulɓi a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa kamar sabulu a hannu. Muka shiga kwarin da gefe, muka juya, muka sake juyawa, na ji iska ta bugi kunnena na dama sa'an nan na hagu. Motar ta tsaya a tsakiyar taɓo, hancinta yana kallon gida. Injin ya yi wani dogon gurnani, ya yi gyatsa, ya mutu. Na ji wani abu mai sanyi yana hawa ƙafafuna. Kumfa ce.

Mutanen da suka biyo mu suka jeru a bakin kwarin. Sai motar ta karkata a hankali ta ɓangarena.

Mahauci ya ce, "Taya ta fita."

Matar mai shago ta ce, "Ga ta can tana tafiya. Ta ƙetare. Ta hau titi."

Mahauci ya ce, "To alhamdu lillahi, ko ba komai wani ya isa."

Karin-Guga ya yi gyaran murya daga baya. "Kada kowa ya tayar da hankalinsa. Dauraya take yi. A ba ta lokaci ta tsane."

Surukata ta kifa kai a kan sitiyari, ham bai yi ƙara ba. Rana ta fara zafi a goshina, na san safiya tana tafiya, likita kuma ba jirana zai yi ba.

Karin-Guga ya sunkuyo kusa da kunnena, ya rage murya, amma ba yadda mutane ba za su ji ba. "Matar yaya, ko da an makara, kada ki damu. Na yi tunani a kan idon nan. Yanar ido ai tabo ce. Tabo kuwa aikina ne."

Na ce, "Sauko."

"Ina?"

"Ƙasa. Ka zagayo ta nan ka ba ni baya."

"Matar yaya, rigar nan fa jiya na..."

"Yayanka ya goya ka kana majina. Yau za ka rama wa matarsa. Sauko."

Ya sauko. Na ji taɓon ya karɓe shi da wata ƙara kamar saniya ta cire ƙafa daga rami. Na hau bayansa, na riƙe wuyan rigar da hannu ɗaya, lema a ɗaya hannun. Sitacin yana karyewa a ƙarƙashina.

Ya ce, "Kin yi nauyi."

"Kai ne ba ka da ƙwari."

"Takalmina ya fita."

"Na ajiya ne. Tafi."

Mahauci yana daga baki yana ba da umarni, hagu, dama, akwai rami. Matar mai shago ta ce wannan motar ta fi waccan, ko kumfa ba ta yi. Karin-Guga ya zame ya durƙusa, ya tashi, ya sake durƙusawa, ni dai ban sake shi ba. Duk da haka bakinsa bai mutu ba. Yana haki yana gaya mini laifin ruwan famfon layinmu ne, ba ya fitar da sabulu. Na ce ya adana numfashinsa, shi ba a sa masa sitaci a hanci ba.

Muka hau titi. Surukata ta biyo mu da takalmanta a hannu. Motocin haya suka yi ta wuce mu, kowane direba ya kalli Karin-Guga sai ya ƙara wuta. Da ƙyar wata motar ɗaukar yashi ta tsaya, mu a gaba, shi a baya.

Da muka isa asibiti, bencin masu jira ba kowa. Nas ta ce an gama, likita ya wanke hannu, yana haɗa jakarsa. Surukata ta yi ta roƙonta. Nas ta ce ba ita ke da iko ba. Ni na zauna a kan benci, ban roƙi kowa ba. Ba a koya mini ba.

Sai na ji takun takalmi, da muryar namiji yana cewa a yi haƙuri, motarsa tana jira, zai dawo baɗi.

Karin-Guga ya tare shi, taɓo yana ɗiga daga jikinsa a kan simintin mutane. "Likita, yi tafiyarka. Aikin nan ba sai kai ba. Ni zan ƙarasa shi a gida."

Takun ya tsaya. Likita ya ce, "Kai ma'aikacin lafiya ne?"

"Kusan haka. Ka ga, da farko za a jiƙa idon da ruwan ɗumi ya kwana. Da safe a sa ɗan garin sabulu a gefen hankici, a bi shi a hankali daga waje zuwa ciki, ba a cuɗawa. In tabon ya yi gardama, ɗigon bilic. Ɗigo fa, ba a cikawa. A dauraye, a sa bula kaɗan don farin ya fito. Sai a shanya a inuwa."

"A shanya me?"

"Idon mana."

Sai na ji likita ya matso kusa da ni.

"Mama, wannan mutumin gida ɗaya kuke?"

Na ce, "Ƙofarsa tana kallon tawa."

"Yana shiga wurinki?"

"Ko barci nake yi."

"Akwai mai iya hana shi?"

Surukata ta ce, "Babu."

Na ji an ajiye jaka a ƙasa. Likita ya ce wa nas, "Ce wa direba ya kashe mota. A shirya ta yanzu."

Aka kawo kujera mai taya aka zaunar da ni. Karin-Guga ya juya wajen surukata. "Kin gani? Tsoro ya ji kada in ƙwace masa sana'a."

Ana tura ni ciki na ji shi yana tambayar nas wa ke yi wa injinan asibitin sabis, don ya lura akwai maiƙo a jikin wancan. Na kama hannun mai tura ni, na ce in mun shiga ta kulle ƙofar ta ciki.